Sansar iskar taya mai araha: a gwada ta kafin a rufe taya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan wani ɗan ƙaramin abu da ke cin kuɗin masu motoci a nan Maraɗi ba tare da biyan buƙata ba, wato na'urar awon iskar taya da makanikai ke ce wa sansa. Ita ce ke kunna fitilar nan ruwan ɗorawa a tablo, mai siffar kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. Motoci da yawa da suka shigo ta Kwatano da Lome a shekarun baya batiran sansoshinsu sun zo ƙarshe, kasuwa kuwa ta cika da na canji masu araha, ana sayar da su huɗu-huɗu a leda, babu sunan kamfani babu takarda. Mai mota ya saya, ya biya mai faci, ya biya mai kwamfuta, kafin sati ya zagayo fitila ta dawo. Mafi yawan wannan asarar ana iya tare ta tun taya tana buɗe.

Sansa ɗan ƙunshin roba ce mai nauyin giram 20 zuwa 40, tana zaune cikin taya a gindin bawul. A cikinta akwai ma'aunin iska, da ma'aunin zafi, da abin da ke jin juyawar taya, da ɗan rediyon aika saƙo, sai batir mai volt 3 da aka zuba wa danƙo aka rufe, ba a yi shi don a buɗe ba. Idan mota tana tsaye, sansa barci take yi don ta adana batir. Da an kama hanya an wuce gudun kilomita 25 ko 30 a awa sai ta farka, ta riƙa aika wa kwamfutar mota lambarta da awon iska kamar sau ɗaya a minti. Ta asali tana yin shekara 5 zuwa 10. Amurka ce ta fara tilasta wannan tsari. Bayan haɗurran tayoyin Firestone a kan Ford Explorer aka yi doka a shekarar 2000, kuma daga Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota da aka sayar a can sai da shi. Turai ta tilasta shi a kan duk sababbin ƙananan motoci daga Nuwamban 2014. Ke nan Camry ko RAV4 ƴar 2008 zuwa 2012 da ke yawo a garin nan, in har sansarta ta farko ce, ta daɗe da cinye wa'adinta.

Kafin a sayi komai, a fara kallon fitilar da kyau. In ta kama ta tsaya cak tun daga tayar da mota, sansa tana aikinta, iska ce ta ragu a wata taya, har da safaya a motocin da aka sa wa safayarsu sansa, irin wasu RAV4 da Land Cruiser. In kuwa ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi sannan ta tsaya, to tsarin ne ya samu matsala: batir ya mutu, ko sansa ta karye, ko mota ba ta gane ta ba. Sansoshi lafiyayyu da yawa sun tafi shara saboda ba a bambanta waɗannan biyun ba. Akwai kuma motocin da babu sansa a tayarsu sam. Peugeot 208 da 308 na baya-bayan nan, da Honda Accord daga 2013, da Volkswagen masu yawa, da na'urar birkin ABS suke gane tayar da ta sace, domin takan fi sauran saurin juyawa. Maganin fitilarsu shi ne a cika iska daidai a sake saiti daga tablo. Duk wanda ya sayar wa mai irin wannan mota sansa ya karɓi kuɗin banza.

Babban abin da ke kayar da mutane a garinmu shi ne zangon rediyo. Zango biyu ne: 315 MHz da 433 MHz. Motocin kasuwar Turai 433 suke ji. Yawancin Toyota, Honda da Nissan na Amurka na wancan zamanin 315 suke ji, amma akwai motocin Amurka, irin Mercedes da BMW da Chrysler da yawa, masu amfani da 433. Maraɗi kuwa ta tara duka: ga ta Amurka, ga ta Beljiyam, ga ta Dubai, ga wadda ta shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Camry biyu masu shekara ɗaya, launi ɗaya, suna iya zama ba zango ɗaya ba. Mai shago ya ji an ce «ta Toyota» ya miƙo leda, ta shiga ramin janti daram, amma kamar ka murɗa rediyo a wata tasha ne kana jiran labaran wata. Hujja ɗaya ce tabbatacciya, wato rubutun da ke jikin tsohuwar sansa. A kan na Toyota za a ga lambar kaya mai farawa da 42607, da lambar kamfanin Pacific da ke ƙera su: PMV-107J, misali, 315 ce, PMV-C210 kuwa 433. Kada a bar mai faci ya jefar da tsohuwar kafin a ɗauki hotonta.

Ko zango ya dace, da sauran aiki. Kowane kamfani yana da tsarin da yake jera saƙonsa, kuma yana canzawa daga wata shekara zuwa wata, don haka 315 ta Ford ba ta yi wa Toyota komai. Sannan kowace sansa tana da lambarta ta kanta, alamomi 7 ko 8, haɗin lambobi da haruffan A zuwa F, kuma mota ba ta sauraron lambar da ba a rubuta mata ba. Hanyoyin rubutawar uku ne. Wasu motocin da kansu suke koyo bayan tafiyar minti 10 zuwa 20. Wasu, irin Ford da Chevrolet, ana sa su cikin yanayin koyo suna tsaye, a bi taya ɗaya-ɗaya da na'urar tayar da sansa, a fara da gaba ta hagu, gaba ta dama, baya ta dama, a ƙare da baya ta hagu, mota tana yin ham a kowace. Su kuwa yawancin Toyota da Nissan da muke da su, sai an jona na'ura a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari an rubuta lambobin cikin kwamfuta. Maɓallin nan na SET da ke cikin Toyota masu shekaru, danna shi sau ɗari ba ya shigar da sabuwar sansa. Aikinsa kawai ya gaya wa mota cewa iskar da ke ciki yanzu ita ce ma'auni, shi ya sa danna shi da taya mai ƙarancin iska ɓarna ce, domin mota za ta ɗauki ƙarancin a matsayin daidai.

A nan ne masu araha suka fi ba da wahala. Akan sami wadda lambar da aka buga a jikinta daban take da wadda take aikawa, sai mai kwamfuta ya kwafi ta jikin ya rubuta, mota ta yi ta jiran saƙon da ba zai zo ba. Akan sami biyu cikin leda ɗaya masu lamba ɗaya. Akwai kuma irin waɗanda ake ce wa na kowace mota, su a wofi suke zuwa, sai an ɗora musu tsarin motar da na'urar da ta san su. Na kamfanonin da aka sani, irin MX-Sensor na Autel ko EZ-sensor na Schrader, suna aiki da kyau in an ɗora musu daidai, amma kwaikwayonsu marasa suna sau da yawa na'urar ba ta ko amsa su. Wata hanya mai sauƙi ita ce a kwafi lambar tsohuwar sansa a ɗora wa sabuwa, mota ba za ta ma san an yi canji ba. Sharaɗinta ɗaya: in tsohuwar tana da sauran rai, kada a bar ta cikin but ko aljihun tablo, domin za ta ci gaba da aika saƙon babu iska da lamba iri ɗaya.

Abin da ke ruɗar mai mota shi ne jinkiri. Kwamfuta ba ta yanke hukuncin cewa sansa ta ɓace nan take, takan jira har kusan minti 20 ana tafiya. Sai a goge fitila a gareji, mutum ya biya ya yi godiya, ya yi yawon cikin gari kwana biyu a hankali bai ga komai ba. Ranar da ya kama hanyar Yamai, ya wuce Tibiri kaɗan, sai ƙyaftawa ta fara. Mutuwar fitila a bakin gareji ba shaida ba ce.

Sai batir, wanda ba a ganinsa kuma a nan ake rage kuɗi. Kamfanonin kirki suna sa batir na musamman mai jure zafi, irin CR2050HR ko CR2450HR, da aka ƙera don aiki daga digiri 40 ƙasa da sifiri zuwa 125. Batirin agogo da rimot iyakarsa digiri 60 zuwa 85, gwargwadon kamfani. A Afrilu da Mayu inuwa kanta tana wuce 40 a Maraɗi, balle kwalta da rana tsaka, balle iskar da ke kulle cikin baƙar taya mai ɗauke da kaya a hanyar Damagaram, ga kuma zafin birki yana bi ta janti. Batir na gama-gari a wannan wuri watanni yake yi. Wata sansar kuma ba ta iya barci, tana ta aika saƙo dare da rana har ta zuƙe kanta. Ƙari a kan haka, wasu da ake sayarwa da sunan sababbi tsofaffi ne da aka ciro daga motocin da aka farfasa aka wanke, wasu kuma sun shekara da shekaru a ɗakin ajiya. Batir yana tsufa ko ba a ɗaura shi ba. A nemi kwanan ƙira a jikinta. Wadda babu kwanan wata a kanta, ra'ayinmu a bar wa mai shago kayansa.

Duk wannan asarar kuɗi ce kawai. Wanda ya shafi rai shi ne bawul. Sansa mai wuyan ƙarfe, wuyan nan alminiyam ne, zoben roba ɗaya ne ke tare iska tsakaninsa da janti, noti kuma yana matse shi. A motoci da yawa, har da Toyota, ƙarfin ɗaurin Nm 4 ne kacal, abin da ɗan yatsa biyu ke yi da ƙaramar sifana. In aka ɗaure da ƙarfin da aka saba ɗaure notin taya, zoben ya tsage ko wuyan ya yi tsagar da ido ba ya gani, ranar da aka faɗa rami ya ɓalle, iska ta fice gaba ɗaya cikin daƙiƙoƙi. Masu araha sau da yawa alminiyam ɗinsu mai gautsi ne, zobensu kuma robar da rana ke busarwa ta farfashe. Masu wuyan roba ma haka: a lanƙwasa wuyan da yatsa a duba gindinsa, in an ga tsage-tsage, ya gama. Kusurwar wuyan ma tana da magana, domin jantin ƙarfe da na alminiyam ba siffa ɗaya ba ne, sansar da ba ta kwanta daidai ba leɓen taya zai same ta.

Akwai kuma ɗan abin da kusan kowa ke rainawa, allurar cikin bawul. Wuyan alminiyam allura mai rufin nikel yake so, fara. Ta tagulla, ja, irin wadda ke cike da gwangwanin kowane mai faci, in ta haɗu da alminiyam da danshi sai su ci juna su manne, ranar da aka zo kwancewa wuyan ya karye. Murfin ƙarfe mai ƙyalli na ado shi ma haka yake kamawa. Murfin roba baƙi mai zobe a ciki ya fi, kuma a ƙurar hunturu kada a bar bawul babu murfi. Duk lokacin da aka cire sansa, zobe da noti da allura da murfi sababbi ake sawa, ba a maimaita tsofaffin.

Dole mu faɗi gaskiya cewa ba kowane laifi ne na kayan ba, wani na hannun mai ɗaurawa ne. Yawancin masu facinmu da ƙarfe da guduma suke karya leɓen taya, wasu da jak. In ƙarfen ya sauka daidai bawul, sansa ta asali ma ba ta tsira. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a cire allura iska ta fita, a kwance noti, a tura sansa ta faɗa cikin taya, sannan a karya leɓe nesa da ramin bawul, a sa hannu a ɗauko ta. Wajen mayarwa, a lura ƙarshen leɓen da ya fi tauri kada ya ƙare a kanta. Dabarar nan ta zuba fetur a kunna wuta don taya ta hau janti tana ƙona sansa, ban da haɗarin da take da shi ga mai yi. Ruwan toshe huda da ake ɗurawa ta bawul yana iya toshe ɗan ramin da sansa ke jin iska da shi. Injin iskar da ba a zubar da ruwan tankinsa, musamman da damina, ruwa yake fesawa cikin taya. Wanda kuma aka sa wa tub cikin tayar tubles, ya sani an cire masa sansa ke nan, ya karɓi abarsa. Bayan an canza sansa a sake balans, tunda nauyin sabuwar ba lallai ya zo ɗaya da na tsohuwar ba.

Mafi muni a cikin sansoshin duka ita ce wadda ke aiki amma tana ƙarya. Fitila ta mutu, kowa ya ji daɗi, alhali awonta ya kauce ko ya daskare a lamba ɗaya. A tsarin Amurka, fitila ba ta kamawa sai iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Motar da takardar jikin ƙofarta ta ce bar 2.2, wato kilo 2.2 na iska, sai ta sauko wajen 1.65 za a yi gargaɗi. In sansa tana ƙara 0.3 a kan gaskiya, taya za ta kai kusan 1.35 direba bai sani ba. Taya mai wannan iskar gefenta yana ta lanƙwasa yana tara zafi, kuma irinta ce ke fashewa a kan doguwar hanya, musamman in dama tsohuwar taya ce ta hannu.

Gwajin da zai raba gardama ba ya cin rabin awa. Tun a shago, a sa na'urar tayar da sansa a jikin kowace, na'urar tana tayar da ita da siginar 125 kHz, ta nuna lamba, da zango, da zafi, da halin batir. Huɗun su amsa, lambobinsu su bambanta, zafin da suka nuna ya yi kusa da na wurin. Wadda ta ce digiri 10 a Maraɗi da azahar ta faɗi jarrabawa. A rubuta lambar da na'ura ta karanto da tayar da kowace za ta shiga. Bayan an ɗaura an cika iska, a zuba ruwan sabulu a gindin bawul da bakinsa a jira kumfa. A gwada awon sansa da gejin hannu mai kyau, bambanci kada ya wuce bar 0.1. Sannan a saki iska daga taya ɗaya, a ga lamba tana sauka, a ga fitila ta kama, a mayar da iska a ga ta mutu. Daga nan a hau kwalta a yi tafiyar minti 20 zuwa 30, zuwa Jiratawa da dawowa ya isa. Sai bayan wannan a biya cikon kuɗin aiki. In sansoshi sun ci duk gwajin amma fitila tana zuwa tana tafiya, a zare cajar waya da ke soket ɗin sigari a sake gwadawa, domin caja marar kyau tana iya dagula siginar.

Irin sansoshin waje da ake murɗawa a bakin bawul kamar murfi, masu zuwa da ɗan allo mai cajin rana, ba sa magana da kwamfutar mota, ba za su kashe fitilar tablo ba. Ga tsohuwar motar da ba ta da tsarin suna da amfani, batirinsu ma ana canzawa. Sai dai suna danne allurar bawul a buɗe kullum, iskar taya duka ta dogara ga ɗan zobensu, nauyinsu yana wahalar da wuyan roba, kuma a tasha ko bakin kasuwa hannu yana iya kaiwa gare su.

Masu liƙa baƙin salatif a kan fitila, da masu tara sansoshi cikin bututun roba su ɗura masa iska su jefa a but, ba mu ga abin da suka gyara ba. Wanda ba shi da halin sayen na kirki yanzu, gara ya sa bawul na roba mai kyau, ya san cewa tsarinsa ba ya aiki, ya sayi gejin hannu ya riƙa awo kowane sati da safe kafin mota ta motsa. Lambar da za a bi ita ce ta takardar jikin ƙofar direba, ba babbar lambar da ke gefen taya ba, wannan iyakar abin da taya ke ɗauka ce. A kula da ma'auni ma: a nan da kilo muke magana, a tsallaken iyaka da psi. Bar 2.2 shi ne psi 32, shi kuwa psi 40 ɗin da ake yawan bugawa ya kusa bar 2.8. Iska tana sauka da kamar bar 0.1 a duk digiri 10 na sanyi, shi ya sa tayar da aka cika da rana take iya kunna fitila da asubahin Janairu, wannan ba laifin sansa ba ne. Haka nan wanda ya rage iska don yashin ƙauyukan Dakoro ko Mayahi, fitila za ta kama kuma gaskiyarta ne, ya mayar da iskar da zarar ya hau kwalta. Tayar da ta yi zafi a hanya kuwa ba a sakar mata iska don an ga awo ya hau.

Ba muna cewa sai mai tsadar kamfanin mota ba. Kamfanonin da ke ƙera wa kamfanonin motocin sansa, irin Pacific, Denso, Schrader, Continental da Huf, suna sayar da nasu a kwalinsu, kuma in ɗaya ta mutu don tsufa sauran ukun suna hanya, gara a canza su tare ranar da ake canjin taya a huta da biyan faci sau huɗu. Roƙonmu ga ƴan kasuwar kayan gyara da ke sarowa daga Kano, Lome ko Dubai shi ne su tambayi zango da kwanan ƙira kafin su saro, su ware 315 da 433 a kwali daban da rubutu, su ajiye na'urar gwaji ɗaya a shago ko su yarda a kai a gwada a dawo da wadda ba ta amsa ba. Shugabannin masu faci kuma su sanar da yaransu cewa duk jantin da aka ga noti a wuyan bawul ɗinsa, a tambayi mai mota kafin a sa ƙarfe, in ma babu noti a leƙa, domin wasu masu wuyan roba suna ɗauke da sansa a bayansu.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya kiyaye hanya.

Daga wasu masu gyaran lantarkin mota da aikin taya,
Maraɗi.